Neman kalmar Hausa: retina, da abin da za mu kira yagewarta

Jama'a salamu alaikum. Yau kalmar da nake nema ba ta nishaɗi ba ce, rashinta ya ci wa kawuna ido ɗaya a nan Gombe, shi ya sa na dage sai mun tsayar da ita.

Muna da yanar ido, muna da hakiya, dundumi, amosanin ido, har hawan jinin ido ya zauna a bakin mutane. Amma abin da likitoci ke kira retina ba mu da sunan da tsoho zai ji ya gane. Wata 'yar fata ce siririya da ta shimfiɗu a bangon ƙwayar ido ta ciki can baya, ita ke karɓar haske ta miƙa wa jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. In ta tashi daga wurinta gani ya tafi, ko da gaban idon garau yake.

Kawu ya wayi gari yana cewa ƙudaje na yawo a idonsa na dama, ya kora ba su koruwa, da daddare kuma yana ganin walƙiya ta gefe alhali ko hadari babu. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi, toh wa zai ɗauka abin gaggawa ne? Aka ce gajiya ce, aka ce jininsa ne ya hau, aka sayo maganin ɗigawa a kemis, wlh har ni na ce ya bari mu gani zuwa sati. Sai da ya ce kamar an ja masa labule daga ƙasa ya rufe rabin gani sannan muka tafi asibiti, likita ya ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki, ya ce da mun zo tun lokacin ƙudajen nan yagewa ce kawai, da hasken leza za a ɗinke gefenta ya koma gida ranar, amma yanzu ruwa ya bi ta yagewar ya shiga bayanta ya ɗaga ta, sai babbar tiyata. An yi, amma idon bai dawo yadda yake ba.

Toh ga abin da aka kawo tun jiya da na fara tambaya.

Wani ya ce allon ido, wata ta ce majigin ido. Majigi ya yi kusa don hoto a kansa yake sauka, sai dai majigi nunawa yake yi, ita kuwa karɓa take. Allo kuma in ka ce ya yage ba wanda zai yarda, allo fashewa yake.

Da yawa sun ce tantanin ido, kuma na sha ji a rediyo. Matsalata da shi, duk wanda na gwada wa a gidanmu gaban ido ya nuna min, wasu ma suka ɗauka yanar ido ake nufi. Wannan ruɗanin ba ƙarami ba ne, don mai yanar ido zai iya jiran wata da watanni kafin a yi masa aiki, mai wannan kuwa kwanaki ake ƙirga masa.

Wanda ya fi kama min hankali wani dattijo ne magini daga Kumo da ya ce, ɗana, ai abin da kake faɗa yaɓe ne. Yaɓen cikin ɗaki in ya tsage, damina ta zo ruwa ya shiga ta tsagar, sai ka ga ya kumbura ya ɗaye daga bango. Baba Allah ya ƙara girma, ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba. Sai dai yaɓen ido a kunne yana kama da wani abu da aka shafa wa ido daga waje, shi ya sa na ɗauki kalmar ɗayewa da ya faɗa na bar sunan yaɓe.

Ga inda na tsaya: retina ita ce tantanin gani, ba tantanin ido ba, don aikinta muke so mutum ya ji. In ta tsage, yagewar tantanin gani. In ta tashi daga bango, ɗayewar tantanin gani. Alamun kuma ba sai mun ƙirƙira ba, kawu ya riga ya ba mu da bakinsa, ƙuda, walƙiya, labule. Ɗan ƙuda ɗaya ko biyu da mutum ya daɗe yana gani in ya kalli farin bango, wannan da yawanmu muna da shi. Wanda ake tsoro shi ne su ƙaru farat ɗaya, ko walƙiya ta biyo, ko duhu ya fara ci daga gefe. Ranar za a nemi likitan ido, ba kemis ba, ba mai gilashin bakin kasuwa ba. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na tarayya a Gombe, akwai a na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, in aikin ya fi ƙarfin nan akan tura mutum cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Masu sa gilashin hangen nesa mai kauri, da wanda aka yi wa aikin yana, da wanda ya taɓa buguwa a ido, da wanda ya haura 50, da masu sikila, su suka fi kamata su riƙe kalmomin nan.

Saura ɗaya da ta gagare ni. Akwai wani abu mai kauri kamar ɗanyen farin ƙwai da ya cika ƙwayar ido, shi ne in shekaru suka ja yake motsewa ya fizgi tantanin gani har ya yage. Ruwan ido ba zai yiwu ba, kowa ya san ruwan ido kasa zaɓi ne. Malaman Hausa da ma'aikatan sashen ido da ke nan, dan Allah me kuke ce wa marasa lafiya in kun zo kansa?