Katun ɗin Lord of the Rings na 1978 ya yanke a tsakiya, ina ragowar?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni ga masu bin finafinan zane. Yarana sun dame ni da labarin zoben nan tun da suka leƙa finafinan Peter Jackson a gidan kawunsu, ni kuma ina ganin ya yi musu nauyi, babbar shekararta 11, ƙaramin 7. Sai wani abokin aikina ya turo mini katun ɗin The Lord of the Rings na 1978, ya ce wannan ne na yara.

Sama da awa biyu muna kallo. An gama yaƙin Helm's Deep, Gandalf ya iso da mahayansa, Frodo da Sam suna biye da Gollum, kawai sai ga sunaye suna hawa. Zobe bai shiga wuta ba, mugun labarin Sauron yana nan daram. Shin kwafin da aka ba ni ne guntu, ko akwai kashi na biyu da zan nema? Sannan me ya sa mutanen ciki wani lokaci zane ne sosai, wani lokaci kuma kamar mutanen gaske ne aka watsa wa launi? Ƙaramin dai tun da baƙaƙen mahayan nan suka fito ya koma bayan kujera.

Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Kwafinka lafiyarsa ƙalau, haka fim ɗin yake. Ralph Bakshi ne ya yi shi, kuma da niyyar kashi biyu ya fara. Wannan ya ɗauki littafin marubucin labarin, Tolkien, na farko da wajen rabin na biyu. Bakshi ya so a rubuta "kashi na ɗaya" a jikin sunan, kamfanin United Artists da ya rarraba fim ɗin ya ƙi, wai mutane ba za su biya kuɗi su kalli rabin labari ba. Saboda haka abin da ya same ka a falonka shi ya sami 'yan kallo a silima a 1978. Abin haushin, fim ɗin bai faɗi ba, ya mayar da kuɗinsa har da riba mai kauri, amma kashi na biyun ba a taɓa yin sa ba.

Batun kamannin mutane kuwa, dabara ce da ake kira rotoskof. Ana ɗaukar 'yan wasa na gaske da kyamara, sannan masu zane su bi hoton ɗaya bayan ɗaya suna zanawa a kai. Bakshi ya ɗauki da yawa daga cikin nasa a Sifaniya. Inda aka zauna aka zana da kyau, motsin Aragorn ya fi na kowane katun na zamanin kama da na mutum. A fagen yaƙi kuwa, inda jama'a suka yi yawa, sai aka bar hoton mutanen kusan yadda yake, aka ƙona haskensa aka zuba launi. Shi ya sa rundunar Orc, dodannin abokan gaba, ta fito kamar ƙarti sanye da abin rufe fuska, don su ɗin ne.

Ni dai ina son fim ɗin duk da raminsa. Wurin da 'yan hobbit, gajerun mutanen nan su Frodo, suka ɓuya a ƙarƙashin saiwar bishiya, baƙin mahayi yana shinshina a samansu, ka koma ka duba na Jackson na 2001, za ka ga daga nan ya ɗauko tsarin. Amma abokin aikinka bai kyauta wa ɗan shekara 7 ba. Bakshi ba mai yi wa yara fim ba ne, da katun ɗin manya ya yi suna.

Idan ƙarshen labarin kake nema a zane, akwai The Return of the King na 1980, na talabijin, wanda Rankin da Bass suka yi. Sai dai ba ci gaban na Bakshi ba ne, wasu mutane ne daban da salon zane daban. Bayan bikin haihuwar Bilbo da ya buɗe da shi, labarin yana farawa ne an riga an kama Frodo, don haka faɗan Sam da ƙatuwar gizo-gizon nan Shelob ba za ka gan shi a ko ɗaya daga cikin biyun ba. Legolas da Gimli ma babu su, ga waƙoƙi birjik, har Orc suna rera tasu suna maci.

Ummu Sadik:

Baban Hanifa, ka bar zoben nan tukuna. The Hobbit na 1977 za ka nema musu, shi ma na Rankin da Bass. Bai kai awa ɗaya da rabi ba, labari ɗaya ne da farkonsa da ƙarshensa, kuma littafin ma tun 1937 don yara Tolkien ya rubuta shi. Sun cire Beorn, mutumin da ke rikiɗa, sun cire dutsen Arkenstone, amma Bilbo ya fita daga gida, ya yi kacici-kacici da Gollum, ya yi hira da dodo Smaug, ya dawo. Jackson ya ja wannan ɗan littafin har finafinai uku daga 2012 zuwa 2014, ni kam barci na yi a na biyu.

Kuma don Allah kowa ya daina auna fim da cewa "ai katun ne". Watership Down ma na 1978 ne, labarin zomaye ne, kyawawa da su. A ciki akwai zomo a tarko yana aman jini.

Baban Hanifa:

Na gode Malam, na gode Hajiya. To amma idan an cire mutum guda sukutum irin Beorn, ai an ci amanar littafin ke nan. Ni burina idan sun girma su karanta, kada su tarar da wani abu daban.

Mai Alƙalami:

A nan ne zan saɓa maka, Yallaɓai. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin riƙe amana a cikinsu Bakshi ne, yana bin littafi sosai, har maganganun Tolkien yake ɗaukowa kai tsaye. Me ya haifar? Gudu. Treebeard, mai kama da bishiya mai magana, ya fito ya ɓace, ba ka san me ya kawo shi ba. Wanda bai karanta littafin ba, daga tsakiya yake ɓata. An ce kowa ya haɗiye taɓarya zai kwana a tsaye, ɗaruruwan shafuka ba sa shiga awa biyu.

Dubi Howl's Moving Castle na Hayao Miyazaki, 2004. Littafin Diana Wynne Jones ne na 1986. A littafin, Howl mutumin Wales ne na duniyarmu da ya tsallaka ƙasar tsafi, kuma babu wani yaƙin jiragen sama da ake ta ruwan bama-bamai. Miyazaki ya jefar da Wales, ya shigo da yaƙi, saboda mamayar Iraƙi ta 2003 tana cin ransa. Ya canja abu da yawa, amma Sophie da aka mayar tsohuwa ta samu bakin faɗin abin da ke ranta tana nan yadda take, kuma marubuciyar da kanta ta yaba fim ɗin.

Shekara biyu bayan nan kamfanin guda, Studio Ghibli, ya fitar da Tales from Earthsea, ɗan Miyazaki wato Goro ne ya ba da umarni. Marubuciyar littattafan, Ursula Le Guin, ta amince ne tana zaton uban zai yi. Da ta kalla, abin da ta ce wa Goro shi ne wannan ba littafinta ba ne, fim ɗinsa ne. Daga baya ta rubuta ƙorafinta filla-filla. An sa yarima Arren ya soke mahaifinsa tun a farkon fim, abin da babu shi a littafi. An mayar da matsalar labarin ta zama mugun mutum ɗaya da za a kashe a huta, alhali ita duhun da ke cikin zuciyar mutum take magana a kai. Sannan mutanen Earthsea da ta rubuta masu duhun fata ne, jarumin littattafan Ged kansa jan-baƙi ne, fim ɗin ya haskaka su. Wannan shi nake kira cin amana. Cire Beorn aski ne kawai, kan yana nan.

Wanda ya haɗa biyun, wato riƙon amana da iya aski, a ganina, The Last Unicorn ne na 1982, kuma dalilin a fili yake: Peter Beagle da ya rubuta littafin a 1968 shi ya rubuta labarin fim ɗin, ya san abin da zai iya yarwa. Christopher Lee ne muryar Sarki Haggard. Hanifa za ta iya kallonsa, ƙaramin dai a jira, akwai jan bijimin wuta.

Ɗan Fagge:

Ƙarin bayani kaɗan kan na Malam. The Hobbit na 1977 da The Return of the King na 1980 da The Last Unicorn, sunan Amurkawa ne a kai, amma a Japan aka zana su, a wani kamfani mai suna Topcraft. Shi ne kuma ya zana Nausicaä na Miyazaki a 1984, kuma daga cikin ma'aikatansa aka samu waɗanda suka shiga Ghibli da aka kafa a 1985. Idan ka lura da yadda aka zana dazuzzuka da duwatsu a Hobbit, za ka ga hannun.

Baban Hanifa, kada wani ya tura maka The Black Cauldron na Disney na 1985 da sunan na yara. Daga littattafan Lloyd Alexander aka ɗauko shi, akwai rundunar ƙwarangwal da ke tashi daga tukunya, har sai da shugabannin kamfanin suka datse wasu mintuna kafin a fitar, kuma duk da haka shi ne katun ɗin Disney na farko da aka ce sai da kulawar iyaye. Ka fara da Hobbit kamar yadda Hajiya ta ce, amma ka zauna kusa da ƙaramin idan an iso kogon Gollum, don nasu Gollum ɗin kamar ƙaton kwaɗo yake, da fararen idanu.