Sayen bindiga a Amurka: abin da masana suka gaya wa ƴan Maradi

Ga ƴan uwanmu Maradawa mazauna Amurka, magana ta tsaya kan takardar zama. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai in yana da lasisin farauta. Marar takardu kuwa, riƙe bindiga kaɗai laifi ne babba.

A shagon dillali mai lasisi za ka cika fom 4473, ka rubuta lambarka ta baƙo da hukumar shige da fice ta ba ka, FBI ta binciki sunanka. Sayen doguwar bindiga sai ka kai shekara 18, ƙaramar hannu 21. Jihar Niyok (New York) tana ƙara nata izini.

Inda aka fi faɗawa rami: yin ƙarya a fom, ko saya wa wani da sunanka. Ɗauri ne, kuma yana iya kaiwa ga kora daga ƙasar.