Kula da ɗakin da ke zamewa a motar kwana

An yi tambaya kan yadda ake kula da ɗakin da ke zamewa a motar kwana, wato ɓangaren da ke fitowa daga gefen motar don ƙara fili a ciki. Ga abin da 'yan'uwa masu irin wannan mota suka faɗa a taƙaice:

1. An yi ittifaƙi: a fara goge layin ƙarfen da ɗakin ke zamewa a kai da haƙoran giya. Ban da giris. Ƙurar hunturu a hanyoyin burji na wajen Ringim da Gumel tana manne masa, ya koma kamar yashi, ya cinye haƙoran. Busasshen feshi na silikon ko PTFE (wani sinadari mai sa santsi) ya fi.
2. Robar gefe, silikon kaɗai. Baƙin mai na kumbura ta, da damina ruwa ya shiga.
3. Mota ta daidaita, batirin 12V ya cika, sannan a danna maɓallin fitar da ɗakin ko mayar da shi.

An rabu kan lokacin yin wannan aiki: wasu duk wata 3, wasu sau 2 a shekara. Masu Schwintek (wani nau'in na'urar zamar da ɗakin) kuwa sun ce layinsa wanki kawai yake so.