Wa ya taɓa fama da auna rubutu a cikin manhaja? Ku zo mu yi musayar gogewa

Mai_Zane
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wata ƙaramar manhaja ce ta burauza, mutum zai rubuta sunansa ita kuma ta zana shi a tsakiyar wani akwati a kan canvas (filin zane na burauza), sai ya sauke a matsayin hoto. Faɗi dai ina samunsa da measureText, amma abu biyu sun hana ni sakat. Na farko rubutun ba ya zama tsakiya daga sama zuwa ƙasa, kullum sai ka ga ya ɗan haura sama kamar an ɗaga shi. Na biyu kuma duk sunan da ke da ɗ ko ɓ sai harafin ya fito da wata siffa daban kuma wani lokacin ya leƙa waje da akwatin. Dan Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko a Android ne ko Windows ko ma Python, ya faɗa mana yadda ya fita.

Ɗan_Kod
Wa alaikumus salam. Ni fa abin da nake yi ba wahala, in ƙirga haruffan in ninka da rabin girman font ɗin (wato salon haruffan), in ƙara ɗan fili a gefe, shi ke nan.

Malamar_Lissafi
Ɗan_Kod ƙanina, wannan hanyar tana yi ne kawai in font ɗin irin su Courier ne, wanda kowane harafi faɗinsa ɗaya, 600 cikin 1000. A sauran kam ba ta kai mutum gida. Bari in nuna maka da Helvetica, ita da Arial faɗin haruffansu ɗaya ne. Harafin i yana cin 222 cikin 1000, l ma 222, amma w 722 ne, m kuma 833. Ɗauki Aliyu da Hawwa, kowanne haruffa biyar ne ko? Aliyu in ka tara 667 da 222 da 222 da 500 da 556 ka samu 2167. Hawwa kuwa 722 da 556 da 722 da 722 da 556, ya ba ka 3278. A girman fiksel 20, na farko kusan 43 ne na biyu ya haura 65, lissafinka kuma zai ce duka biyun 50 ne. Ni da nake haɗa takardun sakamako na PDF a nan na fara ganin abin, layi ɗaya ya zauna daram na ƙasansa ya hau kan layin tebur.

Kuma ko tara faɗin harafi ɗaya-ɗaya kamar yadda na yi yanzu bai cika daidai ba, saboda akwai matsin da font ke yi tsakanin wasu haruffa, kamar A da V, ko T da o, inda o ke shigewa ƙarƙashin hannun T. Wasu nau'o'in kuma f da i sukan haɗe su zama siffa guda. Don haka jimlar gaba ɗaya ake ba wa abin awo, ba a gutsuttsura ta.

Ɗan_Kod
Na gode Anti, gaskiya ban taɓa duba lambobin haka ba. Zan gwada.

Injiniya_B
Mai_Zane matsalarka ta farko ita ce ta fi cin mutane, kuma ni ma na sha fama da ita a Android. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, lambar y ɗin da kake ba wa fillText ko drawText ba saman rubutu ba ce kuma ba tsakiyarsa ba ce, layin da haruffa ke zaune a kai ne, mu ce layin gindi. Kamar dai layin littafin makaranta, a da m suna zaune a kansa, b da l sun miƙe sama, y da g sun sako jela ƙasa. Java ma haka drawString yake.

A Android Paint yana ba ka FontMetrics, a ciki akwai ascent (hawa sama da layin gindi) da descent (saukowa ƙasa da shi), sannan top da bottom. Abin lura shi ne ascent lamba ce mai alamar ragi tunda sama take da layin gindi. Yadda nake yi, layin gindi = tsakiyar akwati − (ascent + descent) / 2. Misali ascent −30 ne descent 8, jimla −22, rabi −11, ka ga kenan sai ka sauko fiksel 11 ƙasa da tsakiya sannan ka zana. Tunda na koma wannan lissafin lambobin da nake sawa cikin da'ira suka daina karkata.

Wani abu kuma, measureText da getTextBounds ba abu ɗaya suke aunawa ba duk da mutane na musanya su. Na farko yana ba ka takun rubutu, wato nisan da alƙalami zai matsa kafin ya fara harafi na gaba. Na biyu yana ba ka iyakar inda tawada ta taɓa. Fili tsakanin kalmomi yana da taku amma ba shi da tawada ko ɗigo. Shi kuma f na rubutun karkace tawadarsa takan wuce takunsa, shi ya sa sai ka ga an yanke masa kai a ƙarshen layi alhali lissafi ya ce ya shiga.

Mai_Zane
Injiniya Allah ya saka da alheri. To a canvas na sa textBaseline ya zama middle, me ya sa duk da haka bai zauna ba?

Injiniya_B
Saboda middle ɗin tsakiyar murabba'in em yake nufi, wato filin da mai font ke zana haruffa a kai, ba tsakiyar abin da idonka ke gani ba. Ka bar shi a alphabetic, ka karanta actualBoundingBoxAscent da actualBoundingBoxDescent daga sakamakon measureText ɗin nan dai da kake kira, sai y ya zama tsakiya + (na sama − na ƙasa) / 2.

Hajiya_UI
A nan kam ina da ja, Injiniya. Lissafin daidai ne in kati ɗaya ne, amma shi fa sunaye daban-daban za a riƙa sawa. Na yi irin wannan a jerin maballai, da na auna da tawada sai maballin da kalmarsa ke da y ko g rubutunsa ya haura sama, na kusa da shi da babu jela ya sauko, in ka jera su sai ka ga layin yana rawa, wlh ido yana kamawa nan take ko da fiksel biyu ne. Abin da ya yi min shi ne in auna tsayin babban H sau ɗaya, in tsayar da layin gindi da shi, kowane suna ya zauna a wannan layin ko yana da jela ko babu. Awon tawada na bar shi wa abu guda tilo, kamar harafi ɗaya cikin da'ira.

Injiniya_B
Gaskiyarki Hajiya, in dai za a jera su to naki ya fi.

Tsohon_Hannu
Bari in ɗan koma baya kaɗan don masu tasowa, tunda duk lambobin nan daga cikin fayil ɗin font suke fitowa. Mai zana font yana aiki ne a kan wani murabba'i da ake kira em, ya raba shi gida-gida. TrueType yawanci 2048 ne, na PostScript kuma 1000. In ka ce girma 16, wannan murabba'in ne ya zama fiksel 16, ba wani harafi ba. A Arial hawa sama 1854 ne, saukowa 434, tazarar layi 67, in ka tara ka raba da 2048 ka samu kusan 1.15, wato layi ɗaya a girman 16 zai ci wajen fiksel 18.4, alhali babban H ɗinsa bai ma kai 12 ba. Shi ya sa font biyu masu girma 16 ɗaya zai yi kama da ya fi ɗaya girma.

Abin da ya fi ba ni wahala a aikina shi ne lambobin tsayin nan ba wuri ɗaya suke ba, kashi uku ne a fayil guda. Akwai na teburin hhea, sannan teburin OS/2 yana da kashi biyu, na typo da na win. Mac yana bin hhea, Windows ya saba bin na win, akwai kuma wata alama USE_TYPO_METRICS da ke cewa a bi na typo. In mai font bai daidaita su ba, to manhajarka za ta yi kyau a kwamfutarka, ka tura wa abokin aiki mai wata na'urar ya ce maka rubutu ya sauko ko an yanke saman haruffa. Na taɓa karɓar wani font na ado daga wajen mai aiki, a wajena lafiya lau, a wajensa duk wasalin da ke da alama a ka an fille alamar. Da na buɗe fayil ɗin da fontTools sai ga lambar win ɗin ta yi ƙasa da tsayin haruffan.

Masu C# kuma ku kula da MeasureString na GDI+, yana ƙara ɗan fili a gefe da gefe da kansa. In kana son awo tsantsa ka ba shi StringFormat.GenericTypographic. In kuma da TextRenderer kake zanawa to da TextRenderer.MeasureText za ka auna, kar ka auna da wannan ka zana da wancan, injinansu daban ne.

Ummu_Py
Ni ta ɓangaren ɗ da ƙ zan yi magana don na daɗe ina fama da su a Pillow, kayan aikin sarrafa hoto na Python. Haruffan nan ba unguwa ɗaya suke ba a Unicode. ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4, duka a rukunin Latin Extended-B, amma ɓ da ɗ ƙanana suna U+0253 da U+0257 a rukunin haruffan IPA na rubuta furuci, manyansu kuma Ɓ da Ɗ suna can tare da su ƙ. Saboda haka kana iya samun font mai wasu ba shi da wasu. Burauza in ta nemi harafi ta rasa ba ta yin magana, sai ta aro daga wani font ɗin ta liƙa, shi ne kake ganin ɗ ɗinka ta fito siririya ko ta fi sauran tsayi. Pillow kuwa ba ya aro, ɗan akwati kawai zai zana maka a gurbin harafin. Ni dai Noto Sans na koma, yana da su duka, kuma kafin in karɓi kowane font sai na zana ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu na gani da idona.

Sannan masu tsohon kod, textsize da getsize an cire su tun Pillow 10 a 2023, yanzu textbbox ne da textlength. Akwai kuma anchor, in ka ba shi "mm" zai tsayar maka a tsakiya, "ls" kuma hagu a kan layin gindi.

Hajiya_UI
Mai_Zane ka duba wannan ma, font ɗin naka daga intanet yake saukowa? In eh, to wataƙila kana aunawa tun bai iso ba. Burauza za ta auna da wanda ta samu a hannu, daga baya na gaske ya zo faɗi ya canza. Ka kira document.fonts.load ka jira ya gama, ka sa ctx.font, sannan ka auna.

Abu_Ajami
Ni aikina da rubutun Larabci da ajami ne, a nan kam maganar auna harafi ɗaya-ɗaya ma ba ta taso ba. Harafi guda siffarsa a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, kowace da faɗinta, lam da alif kuma in sun haɗu siffa ɗaya suke zama, wasulla suna hawa kan harafi ba tare da sun ci taku ba. Da FreeType, injin zana haruffa, kaɗai na fara, sai haruffa suka fito a warwatse ba su riƙe hannun juna ba, sai da na sa HarfBuzz a gaba, shi zai karɓi jimla ya dawo maka da siffofin da suka dace da takun kowanne, FreeType kuma ya zana. Ko a rubutun boko ma FT_Get_Kerning na FreeType, a yadda ya saba zuwa, tsohon teburin matsi na kern kawai yake karantawa, yawancin sababbin font kuma a wani teburi mai suna GPOS suke ajiye matsinsu, sai ka ga yana ta ba ka sifili. Kuma lambobin FreeType kashi 64 na fiksel ne, in ka ga taku 640 to fiksel 10 ake nufi. Ummu_Py a Pillow ma sai da Raqm, kayan aikin jera haruffa, Larabci ke fita daidai.

Ɗan_Kod
Tambaya ɗaya, ina da agogo a manhajata, duk sakan in lamba ta canza sai rubutun ya riƙa motsi hagu da dama. Shi ma wannan ne?

Malamar_Lissafi
Shi ne. A wasu font 1 ta fi 8 siranta. A CSS ka sa font-variant-numeric: tabular-nums, in font ɗin yana da su duk lambobi za su zama faɗi ɗaya.

Tsohon_Hannu
Ƙarin abu kan pt da fiksel. Pt ɗaya kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, fiksel na CSS kuma ɗaya cikin 96, don haka 12pt daidai yake da fiksel 16. In mutum ya sa allonsa a 125% ko 150% lambobi sukan zo da ɓurɓushi, kar ka riƙa mayar da faɗin kowace kalma cikakkiyar lamba kana tarawa, kuskuren taruwa yake har kalmar ƙarshe ta faɗo layi na gaba. A Qt ina amfani da QFontMetricsF da horizontalAdvance saboda haka, sai a ƙarshe in cike lambar zuwa sama sau ɗaya.

Mai_Zane
Jama'a na dawo, Allah ya ƙara ilimi. Na duba font ɗin, yana da ƙ amma babu ɗ da ɓ kamar yadda Ummu_Py ta ce, na canza shi. Na sa jiran document.fonts.load, leƙawa wajen akwati ta tsaya. Tsakiya kuma hanyar Hajiya na bi da tsayin H, na jera katuna da yawa layinsu ya miƙe. Abin da ya rage min yanzu dogayen sunaye ne, ina rage girman font kaɗan-kaɗan ina sake aunawa har ya shiga, amma in sunan ya yi tsawo sosai rubutun yana ƙanƙancewa har ba ya karantuwa a waya. Akwai wanda ya taɓa raba suna layi biyu a canvas? A ina kuke yankewa, kuma wace tazara kuke bari tsakanin layukan?