Neman shawara: rahoton tansiyo na wata uku, me ake sakawa a ciki?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu aikin kuran. Ina neman shawara a kan wata ƙaramar tashar sola da ke ba wani ƙauye wuta a hanyar Matamaye, ba ta haɗe da babban layi. Pano na kilowat 60, ondilar (na'urar da ke juya wutar sola zuwa wutar gida) mai faz uku, wato wayoyin wuta uku, tana fitar da bolt 230/400, gidaje da shaguna 140, sai injin niƙa biyu masu moter na kilowat 7,5 kowanne. Wayar tufkakkiya ce ta alminiyom, faz uku masu kauri 35 da nutir (wayar da wuta ke komowa ta cikinta) mai kauri 54,6, reshe mafi tsawo mita 800.

A kontirar akwai sharaɗin miƙa rahoton ingancin tansiyo, wato bolt ɗin da ke isa gidaje, duk wata uku, kuma lokaci ya ƙarato. Abin da ke hannu littafi ne kawai da ake rubuta abin da allon ondilar ya nuna kowace safiya, kullum 230. Amma idan aka auna a poto na ƙarshe bayan Magariba, faz ɗaya na ba da 196, wata kuma 229. Me ake aunawa, a ina, kuma na kwana nawa? Sannan wannan 196 ɗin a sa shi a rahoto, ko a bari sai an gyara? Allah ya saka da alheri.

Tsohon injiniya, Birni:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Littafin nan na safiya ka ajiye shi, ba rahoto ba ne. Ondilar aikinta ke nan ta riƙe 230 a bakinta, ko da mutanen ƙarshen layi suna zaune a duhu. Abin da hukuma ke son sani shi ne wutar da ta isa kontar ɗin mai biyan kuɗi.

Ka fara da takardarka. A Nijar an kafa dokar lantarki a watan Mayun 2016, hukumar ARSE da aka kafa a 2015 ce ke sa ido a fannin, ANPER kuma ke kula da kai wuta karkara. Amma lambobin da suka ɗaure ka suna cikin kundin sharuɗɗan da ke manne da kontirarka. Ka buɗe shi ka nemo abu huɗu: tansiyon da aka ɗauka a matsayin ma'auni, 230 ne ko 220, don har yanzu akwai takardun da ke cewa 220/380, kashi nawa aka yarda ya hau ko ya sauka, wa ake miƙa wa rahoton, kwana nawa aka ba ka bayan ƙarewar watanni ukun. Idan kundin ya ambaci wata ƙa'ida da lambarta, ita za ka bi.

Ƙa'idar da injiniyoyi suka fi jingina da ita idan ana maganar ingancin tansiyo ita ce EN 50160 ta Turai. Ga yadda take lissafi. Ba a ɗaukar awo ɗaya. Na'ura tana aunawa ba tsayawa, duk minti 10 ta fitar da matsakaici ɗaya, har kwana 7 cur. Awo 1008 ke nan ga kowace faz. Kashi 95 cikin ɗari dole su faɗa tsakanin 207 da 253, wato kashi 10 sama ko ƙasa da 230. Rangwamen da ya rage maka awo 50 ne, awa 8 da ƴan mintoci a mako. Ko su ɗin ba a yarda su sauka ƙasa da kashi 15 ba, wato 195,5.

Yanzu auna kanka. Idan wutarka tana faɗuwa ƙasa da 207 daga Magariba zuwa awa uku kowane dare, awa 21 ke nan a mako, awo 126, kashi 12,5. Ka wuce rangwamen fiye da ninki biyu.

Injiniyar sola, Sabon Gari:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu ɗaya da zai amfane shi. Ita wannan ƙa'idar ta yi sassauci ga tashar da ba ta haɗe da babban layi: ta yarda da kashi 10 sama, kashi 15 ƙasa. Haka ma frekans, wato sau nawa wuta ke kai da komowa a daƙiƙa, maimakon 49,5 zuwa 50,5 na babban layi, taka tana iya yawo tsakanin 49 da 51 a kashi 95 na mako. To amma kada ka yi saurin murna, Malam. 196 da 195,5 rabin bolt ne tsakaninsu, kuma multimetar ta kasuwa kuskurenta kaɗai ya fi haka. Sannan idan kundinka ya rubuta kashi 10 bai ce komai a kan sassauci ba, kashi 10 ne.

Maganar na'ura. Ana buƙatar analizar, wato na'urar auna ingancin wuta, mai ajiye bayanai, irin Qualistar ta Chauvin Arnoux ko ta Fluke, wadda ta bi ƙa'idar awo ta IEC 61000-4-30, mai raba na'urori aji-aji. Aji A shi ake so idan akwai gardama ko shari'a, aji S ya wadatar ga bincike na yau da kullum. Ka nemi takardar gwajin na'urar ka manna kwafinta, don rahoton da ba a san da me aka auna shi ba, kowa na iya watsar da shi. Wurare uku ake sa ta: bakin tablo (akwatin rarraba wuta) na tasha, ƙarshen reshe mafi tsawo, da kusa da injin niƙa. Idan na'ura ɗaya ce, mako uku ke nan, ka fara da ƙarshen layi. Ka tabbata makon ya haɗa da ranar kasuwar garin.

Kurakuran da suka fi ɓata awo ba manya ba ne. Agogon na'ura ba a saita ba, sai faɗuwar Magariba ta bayyana da hantsi. An juya bakin pens ɗin auna amfiya, sai ƙarfin wuta ya fito da alamar ragi. An auna faz da faz kawai, ana ganin 395 ana jin daɗi, alhali gidaje tsakanin faz da nutir suke, kuma can matsalarka take. Batirin na'urar ya mutu a daren farko da wuta ta ɗauke. Akwatin kuma a kulle shi a inuwa, kada rana ta dafa shi ko yara su zare waya.

Mai tambaya:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Kundin ya ce 230, kashi 10, babu maganar sassauci. An auna amfiya a tablo da ƙarfe takwas na dare: faz ta ɗaya 45, ta biyu 20, ta uku 12.

Mai aikin layi, Zango:

To ai ga ɓarawon nan, maigida. Ba ƙarancin batir ba ne, rabon kaya ne bai yi daidai ba. Haka ake yi, duk wanda ya zo jona sabon gida sai ya kama wayar da ta fi kusa da hannunsa a kan tsani, shekara biyu sai ka tarar rabin gari a faz guda.

Mu yi lissafi. Alminiyom 35 yana da taurin kai ga wucewar wuta na om 0,868 a kilomita, nutir 54,6 yana da wajen 0,63. Da 45, 20, 12, abin da ke komowa ta nutir ya kai amfiya 30, alhali da kaya sun daidaita kusan sifili ne. Gidajen a warwatse suke a kan layi, mu ɗauka tsakiyar nauyinsu yana mita 500. A faz ta ɗaya 45 sau 0,868 sau 0,5, bolt 19,5 sun tafi. A nutir 30 sau 0,63 sau 0,5, wasu 9 da ɗoriya. Sannan waɗannan lambobin na digiri 20 ne. Alminiyom yana ƙara taurin kai da kashi 0,4 a kowane digiri, kuma kowa ya san baƙar wayar da ta wuni a ranar Damagaram ta Afrilu ba ta huce da Magariba ba, ga kaya a kanta. Ƙara kashi 15, ka samu bolt 33. Cire daga 230, saura 197. Ga 196 ɗinka. Ita kuma faz ta uku da ke nuna 229, gocewar nutir ce ke ɗaga ta.

Jimillar kayanka amfiya 77 ne. Raba uku, 26 kowace faz, faɗuwar ta koma wajen bolt 13, ƙarshen layi ya tsaya a 217. Ba a sayi waya ko mita ɗaya ba, sai konektar da aikin kwana biyu. A bi poto poto da dare da pens, a rubuta abin da kowane gida ke ja, a fara sauya masu firij da masu sayar da ƙanƙara. A kashe reshen a kulle disjonktar kafin a hau. Kuma tunda an hau, a duba kowane haɗin nutir. Nutir da ya saki ya fi 196 haɗari nesa ba kusa ba: faz mai ɗan kaya tana iya haurawa ta doshi 400, a ƙona telabijin da caja na unguwa guda cikin minti ɗaya.

Wani mamba:

Ni a ganina duk wannan wahala ce. Ka shiga saitin ondilar ka ɗaga ta zuwa 238, a sa na'ura, a samu lamba mai kyau, a miƙa.

Tsohon injiniya, Birni:

A'a, ɗana. 196 da 8 nawa ne? 204, har yanzu ƙasa da 207. Kafin ya haye sai ya kai ondilar 241 ko fiye, kuma gidajen da ke gindin tasha su sha wannan dare da rana. Nutir ɗin yana nan da amfiya 30 ɗinsa yana zafi. Bayan an daidaita faz, a ɗaga zuwa 234 ko 235 don a raba faɗuwar tsakanin na kusa da na nesa, wannan aiki ne mai kyau, kuma ana rubuta shi a rahoto da ranar da aka yi.

Ƙanena, tambayarka ta biyu ba a amsa ba. Ka sa 196 ɗin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen ƙarshen layi sun san fankarsu ba ta juyawa, ranar da ɗaya ya kai ƙara aka zo da wata na'ura, rahoton da ya ce komai lafiya shi zai zama shaida a kanka. Mai karanta rahoto ya saba ganin lamba mara kyau, abin da yake nema a gefenta shi ne dalili da ranar gyara. Ka auna mako guda kafin a taɓa komai, a daidaita faz, ka sake auna mako guda a poto ɗin nan dai, ka jera su gefe da gefe.

Shafin farko ya ɗauki sunan tasha, lambar kontira, watannin da rahoton ya shafa, zanen layi da alamar inda aka sa na'ura, irin na'urar da lambarta. Sai tebur ga kowane wuri da kowace faz: mafi ƙanƙanta, mafi girma, matsakaici, da kashin awon da ya faɗa tsakanin 207 da 253. A ƙara frekans, rashin daidaiton tansiyon faz wanda iyakarsa kashi 2 ne, da gurɓatar igiyar wuta, THD, wadda iyakarta kashi 8 ne. Na'urar ce ke fitar da su duka. Fayil ɗin asali ka ajiye shi yadda ya fito, kada a taɓa shi a Excel sai kwafinsa.

Ɗaukewar wuta tebur ɗinta daban. Wadda ta wuce minti 3 doguwa ce, a rubuta ranarta, lokacin tafiya da na dawowa, gida nawa ta shafa, dalili, da ko an sanar da mutane tun kafin. Daga nan ake fitar da SAIFI, sau nawa aka ɗauke wa kowane mai konta a matsakaici, da SAIDI, tsawon lokacin. Idan reshe mai gida 35 cikin 140 ya yi awa 4 babu wuta, 35 sau 4 raba 140, awa 1 ya shiga SAIDI. Awon minti 10 da ya faɗa cikin ɗaukewa na'ura tana yi masa alama, ba a haɗa shi da lissafin tansiyo, don kada a ƙirga laifi ɗaya sau biyu.

Injiniyar sola, Sabon Gari:

Saura injin niƙa, don zai fito a jerin nutsewar tansiyo ko da matsakaicin minti 10 bai nuna shi ba. Moter na kilowat 7,5 yana jan wajen amfiya 15, amma wajen tashi kai tsaye yana fizgar ninki 5 zuwa 7, kusan 100. A waya 35 mai tsawo wannan ya isa ya sa fitilu su yi ƙifta, ondilar ma tana iya yankewa idan biyun suka tashi tare. A sa musu tashin etuwal-tiriyangil, wato tayar da moter a mataki biyu, yana mai da fizgar kashi ɗaya cikin uku, in dai allon moter ɗin ya nuna 400/690. A tayar da injin babu hatsi a ciki. Kuma a yi yarjejeniya da masu niƙa su gama kafin La'asar sakaliya, tun pano na bayarwa. Su ma ribarsu ce, don ƙarfin juyin moter yana bin tansiyo sau kansa: ya ragu da kashi 10, juyi ya ragu da kashi 19, moter ya ja wuta fiye da ƙima ya yi zafi, sai ga shi wurin mai naɗi.

Kondansatar kuwa, na'urar da wasu ke ƙarawa a layi don ɗaga tansiyo, kada a liƙa ta a layin ondilar sai an duba takardar mai ƙera ta. A waya irin wannan taurin alminiyom ne ke cin bolt, kondansatar ba ta maganinsa.

Mai aikin layi, Zango:

Kuma rahotannin nan a adana su duka. Wutar babban layi da ke zuwa yankinmu doguwar tafiya take yi, kilobolt 132 daga Katsina ta Gazawa kafin ta iso Damagaram. Ranar da layin NIGELEC, kamfanin kuran na ƙasa, ya iso ƙauyen aka zo maganar haɗewa, abin da za a fara tambaya shi ne nauyin kowace faz da halin wayar, kuma sassaucin kashi 15 da Hajiya ta ambata ya ƙare daga ranar.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara ilimi. An samu analizar ta haya, aji S, amma takardar gwajinta ta shekara uku da suka wuce ce. Za ta yi?

Injiniyar sola, Sabon Gari:

Ka duba takardar, galibi shekara ɗaya ko biyu ake ba ta. Idan ta ƙare, ka nemi mai ita ya sabunta ko ka nemi wata. In lokaci ya ƙure, ka jona ta a bakin tablo tare da wata na'ura mai takarda mai rai na awa guda, ka rubuta bambancin da ke tsakaninsu, ka sa wannan shafin a cikin rahoton tare da tsohuwar takardar.