Bitamin D ya ƙi hawa a mai cutar Crohn: allura ko ƙarin ƙwaya?

Assalamu alaikum abokan aiki. Lamarin wata mara lafiya ya tsaya mini a rai. 'Yar shekara 34 ce mai cutar Crohn (ciwon kumburin hanji mai daɗewa), an yanke mata ƙarshen ƙaramin hanji, kuma ta daɗe tana shan prednisolone (maganin rage kumburi). Ƙugu da haƙarƙari na mata ciwo, cinyoyi babu ƙarfi, sai ta dafa ƙasa kafin ta miƙe daga tabarma.

Gwajin farko na 25(OH)D (ma'aunin bitamin D a jini) ya nuna 9 ng/ml, wato ya yi ƙasa sosai. ALP (sinadarin da ke hawa a jini idan ƙashi ya samu matsala) da PTH (sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini) sun hau, fosfet (ma'adinin ƙashi) ya sauka, ƙoda lafiya lau. Laushin ƙashi ne ƙarara.

An ba ta ƙwayar cholecalciferol (bitamin D3) 50,000 IU (ma'aunin adadin bitamin) sau ɗaya a mako har mako 8, bayan cin abinci mai maiƙo, da kalsiyam 1,000 mg kullum. Da aka sake gwajin 25(OH)D, 12 kacal. Magnesiyam da zawo ya zubar an gyara shi. Tana shan cholestyramine saboda zawon ruwan matsarmama, shi kuwa yana kama bitamin D a hanji, don haka aka sa tazarar awa 4 tsakaninsu. Bai canza komai ba. Bayan gidanta har yanzu da maiƙo, yana tasowa saman ruwa, wato hanjin ba ya tsotse mai, alhali a mai bitamin ɗin ke narkewa.

Ba zan fara maganin bisphosphonate (mai hana zaizayar ƙashi) a haka ba, kalsiyam na jini na iya faɗuwa warwas. Calcifediol, wani nau'in bitamin D da hanji ya fi tsotsewa, kuma ba mu samu ba.

Shin a koma allurar cholecalciferol 300,000 IU a tsoka, ko a mayar da ƙwayar 50,000 sau uku a mako? Na gode.