Fitila nawa ta ishe mu a lungu?

Salamu alaikum 'yan uwa. A unguwar Zango ta Damagaram nake, lungunmu gida 12 ne. Tun 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana muke zancen fitilar sola, sai bana muka yi da gaske. Kowace ɗaya jika 36 (sefa dubu 36) har da ƙarfe da kafawa, wato jika 3 kan kowane gida. Mun kafa biyu, bakin lungu da ƙofar masallaci, ba wanda ya yi gunaguni. Yanzu wasu na son a kai shida, wasu sun ce biyu sun wadatar. Ni aka ɗora wa tara kuɗin, har an fara amsa gaisuwata ciki-ciki. Ina mafita?

Wani malami daga Birni: Wa alaikumus salam. Ƙanena, daina tambayarsu biyu ko shida. Tambaye su ta ukun kawai. Bi gida-gida ka ce, in aka kafa ɗaya a kwanar can, nawa za ka iya bayarwa da daɗin rai? Wanda kwatami ke ƙofarsa, 'yarsa ta taɓa zurma ƙafa ciki da tiren tuwo a ka, zai ce jika 8. Na bakin lungu da haske ya riga ya kai masa zai ce ɗaya. Haɗa duka. In ya haura 36, a kafa, a koma kan ta huɗu. Za ka ga jimillar tana raguwa, don duhun da ya fi damun mutane shi aka fara kora. Ranar da ta kasa kai 36, nan za ku tsaya.

Wata daga Garin Malam: Malam, lissafinka daidai ne, amma ka san mutanenmu. Kowa zai rage bakinsa, tunda haske ba ya tambayar wa ya biya. Mu a zaure muka yi namu, gaban mai unguwa, kowa ya faɗi nasa a bainar jama'a. Kunya ta yi aiki.

Wani mai gyaran sola: Ku sa kuɗin batir cikin lissafi. Zafin Damagaram na cin batir, ƙurar hunturu kuma na rufe faranti, sai an samu yaron da zai riƙa gogewa.

Mai tambaya: Na gode. Yaya, ranar Juma'a bayan la'asar zan gwada dabarar zauren. Amma gwauruwar da ke ƙarshen lungu fa? Ita ta fi kowa buƙata, ita ce kuma ba ta da ko dala.

Wata daga Garin Malam: A rubuta buƙatarta cikin jimilla, kasonta masallaci ya ɗauka. Kar dai a kira sunanta a taron.